Ƙara gudun furosesa a kwamfutar tafi-da-gidanka

Ƙara gudun furosesa, wanda masu gyaran kwamfuta ke kira obakilokin, shi ne sa furosesa ko katin hoto ya yi aiki da saurin da ya zarce wanda kamfani ya ƙayyade masa. A kwamfutar tebur saitin yakan zauna da zarar an adana shi. A kwamfutar tafi-da-gidanka sau da yawa yakan ɓace bayan an kashe ta, ko kuma ya ci gaba da nunawa a allo alhali na'urar ta koma gudunta na asali.

Yadda yake aiki

Ana auna gudun furosesa da gigahaz, wato bugu biliyan ɗaya a daƙiƙa. Gudun yana fitowa ne daga agogon tushe, wanda galibi megahaz 100 ne, idan aka ninka shi da wata lamba. Idan lambar 35 ce, gudun zai zama gigahaz 3.5. Ɗaga wannan lamba na buƙatar ƙarin ƙarfin wuta, kuma zafi na ƙaruwa fiye da yadda gudun ke ƙaruwa: ƙarin kashi 10 cikin ɗari a boltej kaɗai na ƙara cin wuta da kusan kashi 21.

Dabarar ta shahara a 1998, lokacin da masu amfani da Celeron 300A na kamfanin Intel suka riƙa ɗaga shi daga megahaz 300 zuwa 450. Daga baya Intel ya taƙaita damar ga furosesoshi masu wata alama a ƙarshen lambarsu: K a na tebur, HK da HX a na tafi-da-gidanka. Masu alamar U, waɗanda suka fi yawa a kwamfutocin ofis irin su HP EliteBook, Dell Latitude da Lenovo ThinkPad, a kulle suke.

Dalilan da ke sa saitin ya ɓace

Manhajoji irin su Intel XTU, ThrottleStop da MSI Afterburner suna rubuta saiti ne a wata ma'ajiyar wucin gadi da ke gogewa idan wuta ta yanke mata. Saboda haka kashe kwamfuta, wani lokaci har da sa ta barci, na mayar da komai yadda yake. Dole manhajar ta sake ɗora saitin duk lokacin da Windows ya tashi. Afterburner na da maɓallin yin hakan, ThrottleStop kuma akan haɗa shi da Task Scheduler.

Idan kwamfuta ta daskare ko ta mutu ba zato, Intel XTU da wasu nau'o'in BIOS kan ɗauka cewa sabon saitin ne sanadi, sai su koma na asali don kare na'urar. Yankewar wuta a kwamfutar da batirinta ya mutu na iya jawo irin wannan.

Akwai kuma ƙaramin batir mai bolt 3, galibi CR2032, a jikin madabod. Idan ya ƙare, BIOS na iya manta abin da aka adana masa. Alamarsa ita ce lokaci da kwanan wata su riƙa rikicewa bayan an cire caja.

Wani lokaci kamfani ne ya rufe ƙofar. A Disambar 2019 masu bincike suka bayyana wata kafar kutse mai suna Plundervolt, wadda ke amfani da sauya boltej. Bayan haka kamfanoni da dama suka fitar da sabon BIOS da ya hana taɓa boltej. A Windows 11, wanda ya fito a 2021, tsarin tsaro na Memory Integrity na iya hana waɗannan manhajoji isa ga furosesa. Manhajar kamfanin da ya ƙera kwamfutar, kamar Armoury Crate ta Asus ko Lenovo Vantage, ita ma na iya ɗora nata saitin a kan na mai kwamfuta.

Zafi da wutar lantarki

A wani yanayin saitin na nan daram, kwamfutar ce ta kasa bin sa. Yawancin furosesoshin Intel na rage gudu da kansu idan zafinsu ya kusa digiri 100 a ma'aunin Salshiyos. Haka nan kowace kwamfuta na da iyakar wutar da aka yarje wa furosesa ya ci: babbar iyaka ta ɗan lokaci, da ƙarama wadda yake komawa kanta bayan wasu daƙiƙu. Wannan ne ke sa gudu ya hau da farko, sannan ya sauko.

Lamarin ya fi shafar yankuna masu zafi. Kamfanoni da yawa na ƙayyade digiri 35 a matsayin iyakar zafin ɗakin da za a yi aiki da kwamfutar, alhali a Tofa da sauran sassan Jihar Kano zafin rana kan kai digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Ƙurar hunturu kuma na toshe fanka da kafofin iska. Idan wutar KEDCO ta ɗauke, kwamfuta na komawa kan batir, kuma yawancinsu na rage gudu nan take. Cajar da ba ta kai ƙarfin ta asali ba ita ma na jawo haka. Kwamfutocin Dell, alal misali, suna tantance cajarsu, idan ba su gane ta ba sai su rage gudun furosesa.

Matakan bincike

Mataki na farko shi ne duba lambar furosesa. Na hannu da ake saya a kasuwannin Kano irin su Farm Centre da titin Beirut, da yawansu na ofis ne masu alamar U, waɗanda babu manhajar da za ta buɗe su. Idan furosesan buɗaɗɗe ne, ana duba lokaci da kwanan wata a BIOS don gane lafiyar ƙaramin batir, a cire manhajojin da ke karo da juna a bar guda ɗaya, sannan a tabbatar tana tashi tare da Windows. Daga nan ana sa ido kan zafi da gudu da manhaja irin HWiNFO yayin aiki mai nauyi. Idan gudu na sauka daidai lokacin da zafi ya kai iyaka, maganin shi ne share fanka, sauya man sanyaya furosesa, da daina ɗora kwamfutar a kan katifa ko darduma.

Haɗari

Ƙara gudu na iya soke garantin kamfani, ya rage tsawon rayuwar na'ura, ko ya lalata fayil idan kwamfuta ta mutu ana tsakiyar aiki. Kashe Memory Integrity na rage tsaron kwamfuta. Ɗora BIOS da aka yi wa kwaskwarima kuwa na iya hana ta tashi kwata-kwata, musamman idan wuta ta yanke kafin a gama ɗorawa.