Ɗalibi Mai Auna Kansa

A shekarar 1946 ne Francis Robinson, malami a Jami'ar Jihar Ohayo ta Amurka, ya wallafa littafinsa Effective Study. A ciki ya hori ɗalibi da ya riƙa rufe littafi bayan kowane sashe, ya tuhumi kansa kan abin da ya zauna masa a ka, domin sabon ido da shafi yakan yi kama da sani, alhali ba shi ba ne.

A 2006, Roediger da Karpicke suka gwada batun a kan ɗaliban jami'a a Sen Luwis. Masu maimaita karatu sun fi kowa sakankancewa, amma bayan mako guda kashi 40 cikin ɗari suka tuna. Waɗanda suka yi zama ɗaya, sannan suka yi ta rubuto abin da suka riƙe, sun tuna kashi 61.