Dijkstra: Mutumin da Meri Ta Ce Sana'arsa Ba Sana'a Ba Ce

Gabatarwa

A shekarar 1957 wani saurayi ɗan ƙasar Holan ya je ma'aikatar magajin garin Amstadam, wato meri, don a ɗaura masa aure. A dokarsu dole ango ya faɗi sana'arsa a rubuta cikin takardar aure. Ya ce shi mai rubuta wa kwamfuta umarni ne. Ma'aikatan suka ce ba su san wata sana'a mai wannan suna ba, kuma ba za su rubuta abin da babu shi ba. Ƙarshenta aka rubuta masa masanin fizik, ilimin da ya karanta a jami'a amma ya riga ya juya masa baya. Sunan angon Edsger Dijkstra. "ij" na Holanci kusan kamar "ai" ake furta shi, don haka ku karanta Daikistira.

Ni ɗalibin ilimin harsuna ne, bak seri A na yi, kuma tun a lise aka sa mana a ka cewa informatik gonar ƴan seri C da D ce, mu namu surutu. Wata rana wani abokina mai karatun informatik ya nuna mini a salularsa wata takarda da Dijkstra ya rubuta a 1975. A ciki yana cewa, in an ɗebe kai mai ɗaukar lissafi, ba jarin da ya fi wa mai wannan sana'a muhimmanci kamar ƙwarewa sosai a harshensa na uwa. Abokin don tsokana ya nuna mini. Ni kuwa na bi sawun maganar, ga abin da na samo.

Daga Rotadam zuwa ɗakin na'ura

An haifi Dijkstra ran 11 ga Mayu 1930 a Rotadam. Mahaifinsa masanin sinadarai ne, mahaifiyarsa gwanar lissafi. Yana ɗan shekara 10 jiragen yaƙin Jamus suka rusa tsakiyar birninsu, a Mayun 1940. Da ya ƙare lise, burinsa ya karanta shari'a ya wakilci ƙasarsa a Majalisar Ɗinkin Duniya, amma makinsa na lissafi da kimiyya ya sa aka karkata shi zuwa fizik a jami'ar Leiden. A 1951 ya je Ingila ya yi kwas na mako uku a Cambridge kan sarrafa kwamfuta. A Maris 1952 Cibiyar Lissafi ta Amstadam ta ɗauke shi aiki, ya zama mutum na farko a Holan da ake biya don rubuta manhaja.

Aikin ya shiga ransa, amma yana jin kunyarsa. Masanin fizik yana da littattafai da magabata da zai jingina da su. Mai rubuta manhaja fa, ina nasa? A 1955 ya kai kukansa wajen shugaban cibiyar, Adriaan van Wijngaarden. Dattijon ya saurare shi, ya yarda cewa fannin bai zama ilimi ba tukuna, sannan ya ce masa kwamfuta ta zo ke nan ba komawa, me zai hana ya kasance cikin waɗanda za su mai da aikin ilimi mai mutunci? Dijkstra ya ce ya fito daga ofishin nan wani mutum daban.

Minti ashirin a gidan shayi

A 1956 cibiyar tana shirin buɗe sabuwar na'urarta mai suna ARMAC, ana neman tambayar da baƙi marasa ilimin lissafi za su gane. Dijkstra ya zaɓi wannan: wace hanya ce mafi gajarta daga Rotadam zuwa Groningen? Ya ba da labari cewa amsar ta zo masa cikin kamar minti 20, yana zaune da budurwarsa suna shan kofi a Amstadam, ba bik ba takarda. Dabarar ita ce: ka fara daga garinka, ka lura da nisan kowane gari da ke maƙwabtaka da shi. Ka zaɓi mafi kusa cikin waɗanda ba ka ƙare da su ba, ka duba ko bi ta cikinsa zai rage nisan garuruwan da ke gabansa. In ya rage, ka gyara. Ka yi ta maimaitawa har ka isa inda za ka. An gwada ta a taswirar garuruwa 64, aka buga ta a 1959 cikin shafi uku kacal. Yau ita da ƴaƴanta ne ke aiki a taswirar salula da kuma na'urorin da ke zaɓa wa saƙo hanya a intanet. Shi da kansa ya ce rashin bik ne ya tilasta masa zubar da duk wani sarƙaƙiyar da ba dole ba.

Yadda nahawu ya shiga na'ura

Nan ne tarihin ya ratso gonarmu. A 1956 Noam Chomsky ya fitar da rabe-raben nahawu bisa irin ƙa'idojin da ke gina jimla, abin da muke sha a darasin ginin jimla. A 1960 wani kwamitin masana na Turai da Amurka ya fitar da harshen kwamfuta mai suna ALGOL 60, aka bayyana nahawunsa da tsarin John Backus da Peter Naur. Ba a daɗe ba aka gane cewa tsarin nan daidai yake da ɗaya daga cikin azuzuwan nahawun Chomsky. Bishiyar jimla da muke zanawa a kaye, irinta ce na'ura ke ginawa in tana karanta manhaja.

Harshe kuwa sai da tafinta, wato manhajar da ke juya abin da mutum ya rubuta zuwa lambobin da na'ura ke ganewa. Dijkstra da abokin aikinsa Jaap Zonneveld ne suka riga kowa kammala tafintan ALGOL 60, a 1960 ɗin. A 1962 ya zama farfesa a Eindhoven, inda ya ƙirƙiro dabarar da ke hana ayyuka biyu yin karo in suna neman abu guda cikin na'ura a lokaci guda. Ya sa wa umarnin biyu suna P da V, haruffan farko na kalmomin Holanci. Har yau ɗalibai a faɗin duniya suna haddace P da V, galibinsu ba su san harshen uwar wani suke ɗauke da shi ba.

Rigimar GOTO

Zuwa ƙarshen shekarun 1960 na'urori sun yi ƙarfi, manhajoji sun yi tsawo, kurakurai sun yi yawa, manyan ayyuka suna cinye kuɗi ba sa ƙarewa. A Oktoban 1968 ƙungiyar NATO ta tara masana a Garmisch ta Jamus kan wannan matsala, Dijkstra yana cikinsu. Kafin nan, a Maris, wata mujallar masana ta Amurka ta buga gajeriyar wasiƙarsa kan umarnin GOTO, mai ce wa na'ura ta tsallake zuwa wani layi can daban. Hujjarsa hujjar mai karatu ce: ɗan Adam yana gane rubutun da ke tafiya daga sama zuwa ƙasa, amma in rubutu yana ta tsalle gaba da baya, ko mai shi ba zai iya cewa ga abin da zai faru ba. Taken wasiƙar mai zafi, da ke kiran GOTO abu mai cutarwa, editan ne Niklaus Wirth ya sa. An shekara da shekaru ana cacar baki, har Donald Knuth ya rubuta doguwar maƙala a 1974 yana nuna wuraren da GOTO ke da amfani. Duk da haka salon Dijkstra ne ya yi rinjaye a koyarwa.

A 1972 aka ba shi lambar Turing, mafi girma a fannin. A jawabinsa ya ce kan mutum ƙarami ne, gwanin gaske shi ne wanda ya san haka, yake guje wa wayon banza. Ya sha nanata cewa gwaji yana iya nuna akwai kuskure, amma ba ya taɓa nuna babu.

Takardun hannu da kaifin baki

Abin da ya fi burge ni, mu masu wannan ɗan littafi na fotokopi, shi ne yadda yake yaɗa tunaninsa. Yana rubuta takarda, ya sa mata EWD da lamba, da farko da tafireta, daga baya da alƙalamin tawada. Ya yi kwafi kaɗan ya aika wa abokai, su ma su kwafa su miƙa gaba. Lambobin sun tashi daga 0 har 1318. Cikinsu akwai lissafi, akwai labarin tafiye-tafiye, akwai wadda takenta ke tuna wa Amurkawa cewa tekun Atlantika gaɓa biyu gare shi, inda ya kwatanta yadda Turai da Amurka ke kallon fannin. Ya koma jami'ar Texas a Austin a 1984, ya koyar har 1999, yana sukar jami'o'in da ke barin kamfanoni su tsara musu abin da za su koyar.

Bakinsa ba linzami. A takardar 1975 ɗin nan ya ce ɗalibin da ya fara da harshen BASIC tunaninsa ya nakasa ba gyara, koyar da COBOL kuma ya kamata a ɗauke shi laifi. A 1988 ya ba da shawarar a koya wa ƴan shekarar farko harshen da ba a ɗora shi kan ko wace na'ura ta jami'ar ba, don su tabbatar da ingancin aikinsu da hujja a takarda maimakon gwada-ka-gani. Ya kuma kira burin ba na'ura umarni da harshen yau da kullum wauta, saboda harshen mutane cike yake da harshen damo. Ku duba namu: "ya ce ya zo". Zuwa ya yi, ko umartarsa aka yi ya zo? A baki sauti da tsawon wasali ke rabewa, a rubuce babu. Yau da ake hira da ChatGPT wasu za su ce zamani ya ƙaryata shi, amma wanda bai san abin da yake so ba, na'ura ba za ta sanar da shi ba. Dijkstra ya rasu ran 6 ga Agusta 2002 a Nuenen ta Holan.

Kammalawa

Ban yarda da shi a komai ba. An ƙirƙiro BASIC a 1964 a kwalejin Dartmouth ne domin ɗalibai irinmu da ba ƴan kimiyya ba, kuma Linus Torvalds, mai Linux, da shi ya fara yana yaro. Hukuncin "ba gyara" hukunci ne na mushen da ya gaji da aji. Sannan kada wani ya ɗauki labarin bik da takarda ya ce ke nan ɗalibi ba ya bukatar kwamfuta: Dijkstra ya guji na'ura ne bayan ya shekara da shekaru a kanta, mu kuwa da yawanmu layi muke bi kafin mu taɓa ta.

Amma maganarsa ta harshen uwa ta tsaya mini a rai. Shi da Holanci ya yi lakwal, ya koyi tunani da shi, sannan ya rubuta wa duniya da Ingilishi. Mu tun aji na farko aka karɓe mana namu a bakin ƙofa, ko da yake tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram. Sai ga mu muna haddace ma'anoni da Faransanci, in ƙane ya ce a bayyana masa da Hausa mu kama kame-kame.

Ga gwajin da nake roƙon ƴan uwa ɗalibai mu yi kafin fitowa ta gaba. Kowa ya zaɓi aiki guda da ya sani, ko tsarin adashe ko rabon kuɗin cefane a ɗakin haya, ya rubuta matakansa da Hausa, ya miƙa wa ƙane ya bi su daidai yadda aka rubuta, ba ƙari ba tambaya. Duk inda yaron ya tsaya, nan rubutunka ya gaza. Ƴan informatik su zo da lissafinsu, mu ƴan harsuna mu zo da nahawunmu, mu gyara tare, mu buga waɗanda suka yi kyau a nan.