Yawon Sallah da Kallon Ruwa a Ƙasar Daura

Tsakanin Daura da gaɓar teku a Legas akwai tafiyar fiye da kilomita 1,000, don haka yawancin mutanen ƙasar Daura sun rayu sun tsufa ba su taɓa ganin igiyar teku ba. Duk da haka, ware yini guda cikin hutu a fita kallon ruwa da dabbobi ba baƙon abu ba ne a nan. Al'adar ta girmi mota, ta girmi zuwan Turawa. Abin da ya sauya shi ne inda ake zuwa da abin da ake hawa.

Shaidar farko tana cikin birnin Daura. Wurin da baƙo ya fi nema bayan fada shi ne Rijiyar Kusugu, inda labarin gargajiya ya ce maciji ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya kashe shi a zamanin Sarauniya Daurama. Garin da ya kafa tarihinsa a kan ruwa da dabba ba zai rasa masu zuwa kallo ba. Mutanen ƙauyuka kan shigo birni lokacin Sallah ƙarama da babba da Sallar Gani, su ga hawa, musamman Hawan Magajiya, su leƙa rijiyar, su koma gida kafin dare ya yi nisa. A irin waɗannan tarukan ne gardawa kan baje kolinsu da kura mai takunkumi da birai da macizai. Yaron da bai taɓa shiga daji ba a nan yake fara haɗa ido da naman dawa.

Shekarun 1970 ne suka faɗaɗa zangon. Gwamnan Kano Audu Baƙo ya kafa Gidan Zu, aka buɗe shi a 1972, aka kammala madatsar Tiga a 1974. Kafin nan an riga an buɗe gandun dajin Yankari ga masu ziyara a 1962, da giwayensa da ruwan ɗumi na Wikki. Da kwalta ta haɗa Daura da Kano ta Kazaure, tafiyar da fatake ke kwanaki a kanta ta koma ta safe zuwa yamma. Madatsun ruwa irin su Zobe da Jibiya da Sabke, da Daberam a yankin Dutsi, sun kawo wa ƙasar da ta saba da tafkunan damina masu ƙafewa wani sabon abu: ruwa mai faɗi da ke kaiwa rani, da masunta cikin kwale-kwale, da zalɓe da balbela a gefensa.

Wani zai ce an yi madatsun nan don ruwan sha da noman rani, ba don nishaɗi ba, kuma yawon Sallah zumunci ne da gaishe-gaishe. Duka gaskiya ne, amma ba su rushe hujjar ba. Kusugu ma don sha aka haƙa ta, kallo ya biyo baya. Kamun kifi na Argungu ya samo asali ne daga sana'ar Kabawa kafin ya zama bikin da ake ƙirga tarihinsa daga 1934. A ƙasar Hausa abin kallo daga abin amfani yake tsirowa. Zumunci kuwa shi ne ya riƙe al'adar, domin ba a fita yawon Sallah a kaɗaita. Yayye ke jan ƙannensu, da kuɗin barka da Sallah ake biyan mota.

Sanin wannan tarihi yana ɗora mana nauyi. Dajin Rugu, wanda a da ake ambatonsa saboda namun dawa, yau 'yan bindiga ne ke sa a ambace shi. Madatsa kuma idan ba a yashe ta, ba a dasa itatuwa a gefenta, yashi ne zai cinye ta sannu a hankali. Masarauta da ƙananan hukumomi da gwamnatin Jihar Katsina ba sai sun ƙirƙiro wa jama'a sha'awar fita ba, tana nan tun kaka da kakanni. Aikinsu shi ne tsare hanya, gyara bakin ruwa, da sa masu lura da yara kada su nutse, domin iyali su fita da safe su dawo lafiya.