Rumbun bidiyo na gida: Yadda ake komawa cikinsa idan ya ƙi buɗuwa bayan sauya kalmar sirri

Rumbun bidiyo na gida kwamfuta ce, ko wata ƙaramar na'urar ajiya, da ake tara fina-finai da karatuttukan malamai da hotunan iyali a cikinta, sannan a haɗa ta da Wi-Fi domin wayoyi da talabijin su riƙa ɗauko abin da ke ciki ba tare da an jona kebul ko an cire memori ba. Masana kwamfuta kan kira irin wannan na'ura uwar garke.

A garuruwa irin su Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, kwamfutar mai tura fina-finai da waƙoƙi a waya ita ce jarinsa. A gidaje kuwa, a irin wannan ma'adana ake ajiye tafsirin azumin shekarun baya da bidiyon biki da na suna, waɗanda idan suka salwanta babu inda za a sake samunsu.

Sau da yawa mutum kan sauya kalmar sirri, sai ya tarar wayoyi da talabijin sun daina ganin rumbun. Sauya kalmar sirri ba ya goge fayil ko ɗaya. Asarar kan auku ne daga baya, lokacin da aka ruɗe aka yi wa kwamfutar fomatin, garin neman gira a rasa ido.

Dalilin rufewar ƙofar

Idan waya ta shiga rumbun a karon farko, takan adana ɗayan abu biyu: ko dai kalmar sirrin kanta, ko wata shaidar shiga da manhajar ta ba ta, mai kama da tikiti. Da zarar an sauya kalmar, wayar za ta ci gaba da miƙa tsohuwar, ko ta nuna tikitin da aka riga aka soke, rumbun kuma ya ƙi karɓa.

Saboda haka matakin farko shi ne a tantance wace kalmar aka sauya, domin guda uku ne ke da hannu a lamarin: ta Wi-Fi, ta shiga kwamfutar kanta, da ta asusun manhajar da ke tafiyar da rumbun, kamar Plex ko Jellyfin.

Idan ta Wi-Fi aka sauya

Wannan ita ce mafi sauƙi. Kowace na'ura, har da kwamfutar da ke riƙe da rumbun, sai an sa ta manta da tsohon haɗin, sannan a shigar mata da sabuwar kalmar. An fi mantawa da kwamfutar rumbun, musamman idan tana ajiye a lungu babu allo a jikinta.

Idan kuma rauta ko MiFi aka mayar kan saitinta na asali, adireshin da take bai wa kwamfutar na iya canzawa. A Windows, rubuta ipconfig a cikin Command Prompt zai nuna sabon adireshin, wanda yawanci ke farawa da 192.168. Shi za a saka wa sauran na'urorin.

Idan ta Windows aka sauya

Wasu ba sa amfani da wata manhaja ta musamman, folda kawai suke buɗe wa sauran na'urorin gida. A nan, kwamfutar da ke neman shiga tana ajiye tsohuwar kalmar a Credential Manager, ƙarƙashin Windows Credentials. A goge abin da ta adana game da rumbun, a sake buɗe foldar, za ta nemi sabuwar kalma. A waya ma haka ake yi a VLC ko manhajar duba fayiloli: a cire tsohon haɗin, a ƙirƙiri sabo.

Wanda ke shiga kwamfutarsa da asusun Microsoft yana da ƙarin mataki. Idan a intanet ya sauya kalmar, ya kamata ya shiga kwamfutar rumbun sau ɗaya da cikakkiyar sabuwar kalmar maimakon gajeriyar lambar PIN, domin kwamfutar ta san da sauyin.

Idan ta Plex aka sauya

A nan aka fi shan wahala. Asusun Plex yana wurin kamfanin ne a intanet, kuma shi kansa rumbun yana riƙe da tikitinsa kamar kowace waya. A watan Agustan 2022, da kuma watan Satumban 2025, kamfanin ya sanar cewa an yi kutse a bayanan masu amfani da shi, ya nemi su sauya kalmar sirri tare da fitar da duk na'urorin da ke haɗe da asusun. Wannan zaɓi na fitar da na'urori yana soke tikitin rumbun shi ma, sai ya koma kamar marar mai shi.

Maganin shi ne a sake shaida wa Plex cewa rumbun na mai asusun ne. A zauna a gaban kwamfutar da rumbun yake, a buɗe burauza, a rubuta 127.0.0.1:32400/web, a shiga da sabuwar kalmar, sannan a nemi maɓallin Claim a sashen General na saituna. Idan na'urar ba ta da allo, a yi amfani da wata kwamfutar da ke kan Wi-Fi ɗaya da ita, a rubuta adireshin rumbun a madadin 127.0.0.1. Wannan mataki yana buƙatar intanet.

Masu tafiyar da Plex ta hanyar Docker kan karɓi lambar mallaka a shafin plex.tv/claim. Lambar minti huɗu kacal take yi kafin ta daina aiki, don haka a shirya komai kafin a karɓe ta.

Idan duk da haka ya ƙi, sai a tsayar da manhajar a cire tsohuwar shaidar da hannu. A Linux da na'urorin ajiya tana cikin fayil ɗin Preferences.xml, a Windows kuma tana cikin rajistar kwamfutar. Abubuwa huɗu ake cirewa: PlexOnlineToken, PlexOnlineUsername, PlexOnlineMail da PlexOnlineHome. A kwafi fayil ɗin a ajiye kafin a taɓa shi, kuma kada a goge shi ɗungurungum. Wanda bai saba da wannan aiki ba gara ya nemi wanda ya iya.

Idan Jellyfin ce

Jellyfin, manhajar kyauta da aka ɓallo daga Emby a ƙarshen 2018, tana ajiye asusun masu shiga a cikin rumbun kansa, kuma ana samunta a lamba 8096. Wanda ya manta kalmarsa zai latsa Forgot Password daga wata na'ura da ke kan Wi-Fi ɗin gidan, manhajar za ta rubuta lambar wucin gadi a wani fayil cikin kwamfutar rumbun, da ita zai shiga ya zaɓi sabuwar kalma. Yawan gwada kalmar da ba daidai ba na iya sa ta kulle asusun, don haka a dakatar da wayoyin da ke ta ƙoƙarin shiga da tsohuwar.

Darasin yanke sabis na 2021

A watan Satumban 2021, lokacin mulkin Gwamna Aminu Bello Masari, an yanke layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara da Ɗandume da Funtuwa, a matsayin matakin yaƙi da 'yan bindiga. Jama'a sun shafe makonni masu yawa babu sabis.

A irin wannan yanayi, Wi-Fi na cikin gida yana ci gaba da haɗa waya da kwamfuta ko babu data, amma rumbun da sai ya tambayi kamfani a intanet kafin ya buɗe zai iya hana mai shi shiga. Plex yana da mafita a sashen Network na saituna, inda ake lissafa adiresoshin da aka yarda su shiga ba tare da tantancewa ba. Sai dai ana saita wannan ne tun ana da sabis, kuma duk na'urar da aka lissafa za ta samu cikakken iko a kan rumbun. A shagon da kwastomomi ke hawa Wi-Fi, a lissafa adireshin na'ura ɗaya ko biyu kawai. Jellyfin da foldar Windows ba sa buƙatar intanet kafin su buɗe.

Kafin a sake sauya kalmar sirri

A yi sauyin a lokacin da ake kusa da kwamfutar rumbun, akwai wuta kuma akwai sabis. A tabbatar imel ɗin da aka buɗe asusun da shi yana aiki, domin can ake aiko da hanyar farfaɗo da asusu. A rubuta sabuwar kalmar a takarda a adana ta inda yara ba sa kaiwa.

Abin da ba shi da madadi, kamar bidiyon iyali da karatun da aka naɗa da hannu, a kwafe shi a faifan ajiya na biyu, a ajiye shi daban. Idan kuma ta kama a kai kwamfutar wurin mai gyara, a faɗa masa tun farko cewa kalmar sirri ce matsalar, kada ya goge komai.