Farouk Lawan: Daga jagorancin binciken tallafin mai zuwa gidan yarin Kuje

Farouk Lawan ɗan siyasa ne daga Jihar Kano, wanda ya wakilci mazaɓar Bagwai da Shanono a Majalisar Wakilai har sau huɗu a ƙarƙashin jam'iyyar PDP, daga 1999 zuwa 2015.

Sunansa ya fara amo a faɗin ƙasa a 2007, lokacin da ya jagoranci gungun 'yan majalisar da suka matsa wa Kakaki Patricia Etteh lamba har ta yi murabus kan kwangilar naira miliyan 628. Tun daga nan ake yi masa kallon mai gaskiya. Wannan shaida ce ta sa babu wanda ya yi mamaki da aka damƙa masa shugabancin kwamitin binciken kuɗin tallafin man fetur a watan Janairun 2012, yayin da zanga-zangar janye tallafin ta tsayar da ƙasar cik.

Rahoton kwamitin ya bankaɗo salwantar kimanin dala biliyan 6.8 tsakanin 2009 da 2011. Sai dai ba a jima ba attajiri Femi Otedola ya bayyana cewa Lawan ya nemi dala miliyan 3 domin ya cire kamfaninsa na Zenon daga jerin waɗanda ake zargi, kuma ya karɓi dala 500,000, a wani tarko da aka ɗana tare da jami'an tsaron farin kaya. Da farko Lawan ya musanta zargin, amma daga baya ya amince cewa ya karɓi kuɗin. Ya ce ya karɓa ne domin su zama hujja a kan attajirin. Hankalin jama'a ya koma kan mai binciken, biliyoyin da rahoton ya tono kuwa aka rage waiwayarsu.

An gurfanar da shi a 2013, amma shari'ar ta yi ta sauya hannu tsakanin alƙalai. Sai ranar 22 ga Yunin 2021 Mai Shari'a Angela Otaluka ta Babbar Kotun Abuja ta yanke masa ɗaurin shekara bakwai, tare da umartarsa ya mayar da kuɗin ga gwamnati. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage wa'adin zuwa shekara biyar a 2022, Kotun Ƙoli ta tabbatar da hakan a Janairun 2024.

Ya fito daga gidan gyaran hali na Kuje a watan Oktoban 2024. Bayan shekara guda, sunansa ya fito cikin jerin waɗanda Shugaba Bola Tinubu ya yi wa afuwa.