Tabar sigar: Muhawara kan ƙarfi da ɗanɗano

A tsakanin masu shan tabar nan mai kauri da ake naɗawa da hannu, wadda Turawa ke kira sigar, akwai wata daɗaɗɗiyar muhawara da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Wasu na ganin taba ta gari ita ce mai ƙarfi, wadda mai sha zai ji ta a jikinsa. Wasu kuwa na cewa darajar taba tana ga ɗanɗanon da ke sauyawa daga farkon kara zuwa ƙarshensa.

Muhawarar ba ta tsaya a fatar baki ba. Ta shafi irin ganyen da manoma ke shukawa a tsibiran Karebiyan da Amurka ta Tsakiya, tana kuma cikin dalilan da suka sa Nikaragua ta sha gaban Jamhuriyar Dominikan a kasuwar Amurka.

Ita dai sigar ta bambanta da sigarin da aka saba gani a teburin mai tireda. Babu takarda a jikinta, babu audugar tace hayaƙi, ganyen taba ne zalla ciki da waje. Babban kara ɗaya kan ɗauki awa guda ko biyu kafin ya ƙare, kuma akasarin masu shanta ba sa zuƙar hayaƙin zuwa huhu, a baki suke juya shi su fesar.

Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Gwanayen haɗa taba na cewa rabin gardamar ta samo asali ne daga cakuɗa abubuwa uku da ba ɗaya suke ba.

Na farko shi ne ƙarfi, wato yawan sinadarin nikotin da ke shiga jiki. Ba harshe ke jin sa ba, jiki ne. Idan ya yi yawa mai sha kan ji jiri, ya yi gumi, zuciyarsa ta riƙa tashi, musamman idan bai ci abinci ba. Shi ya sa tsofaffin mashaya kan ajiye sukari ko wani abin zaƙi a kusa.

Na biyu shi ne nauyin hayaƙin a baki, ko ya cika baki kamar kunu mai kauri, ko ya wuce sakayau kamar ruwa.

Na uku shi ne ɗanɗano da ƙamshi. A nan ne mashaya kan ambaci gahawa, da koko, da masoro, da itace, da fatar jima, har da ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan sama na fari. Mafi yawan wannan hanci ne ke gane shi, domin haka masu neman ɗanɗano kan fitar da ɗan hayaƙi ta hanci.

Lamarin ya yi kama da na miya. Yawan barkono daban, daɗin haɗi daban. Ana samun taba mai bugu wadda ɗanɗanonta ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe, ana kuma samun mai sauƙi wadda ƙamshinta ke canzawa sau uku ko huɗu kafin ta ƙare.

Daga ina ƙarfin ke fitowa?

A cikin saiwa ne shukar taba ke haɗa nikotin, sannan ta tura shi zuwa ganyaye. Ganyen da ke sama, wanda ya fi shan rana kuma aka fi jinkirta tsinkarsa, shi ya fi tara shi. Manoma kan cire furen shukar domin duk abincin ya koma ga ganye, abin da ke ƙara masa kauri da ƙarfi.

A Kyuba, inda yankin Vuelta Abajo na lardin Pinar del Rio ya yi suna da tabar da ta fi kowacce daraja, an raba ganyen cikin kara zuwa gida uku. Na ƙasa ana kiransa bolado, ba shi da wani ɗanɗano sosai amma shi ke sa wuta ta ci daidai. Na tsakiya shi ne seko, wanda ke ba da ƙamshi. Na sama shi ne lihero, mai kauri da maiƙo, kuma daga gare shi ƙarfi ke fitowa.

Da yake lihero ba ya cin wuta da sauri, a tsakiyar kara ake sa shi. Daga nan sai a ɗaure cikin da wani ganye, a kuma lulluɓe shi da ganye na musamman mai santsi, wanda shi ne rigar karan.

Aikin gwanin haɗi shi ne auna waɗannan ganyaye. Ƙara lihero abu ne mai sauƙi, kuma kowace masana'anta za ta iya. Abin da ke da wuya shi ne a ƙara shi ba tare da ya danne ƙamshin seko ba. Wannan ce babbar hujjar masu fifita ɗanɗano, kuma hujja ce mai nauyi.

Gumi da ajiya

Ɗanyen ganyen taba ba ya shawuwa. Bayan an tsinke shi akan rataye shi a rumfunan katako na kimanin kwana 50 har ya bushe ya koma ruwan ƙasa. Daga nan sai a yayyafa masa ruwa a jibge shi tsibi-tsibi, ya ɗauki zafi da kansa ya yi gumi, kusan yadda ake rufe dafaffiyar kalwa kafin ta zama daddawa.

A lokacin gumin ne ganyen ke fitar da iskar amoniya, kaifinsa ya ragu, ƙamshinsa ya fito. Ma'aikata na lura da zafin tsibin, idan ya yi yawa sai su wargaza shi su sake jibgewa. Bayan haka akan ɗaure ganyen a ajiye, kuma lihero ne ya fi daɗewa, shekara biyu ko fiye.

Tabar Cohiba, wadda aka fara naɗawa a 1966 domin Fidel Castro da manyan baƙinsa, kafin a fitar da ita kasuwa a 1982, ta yi suna ne saboda ana sake sa wani sashe na ganyenta ya yi gumi a cikin ganguna. Manufar ita ce a tausasa ta. Shi kansa Castro ya daina shan taba a 1985, a daidai lokacin da gwamnatinsa ke gangamin rage shan ta.

Sau da yawa abin da sabon shiga ke ɗauka ƙarfi ne, kaifin ganyen da bai gama tsimuwa ba ne, mai ƙona maƙogwaro.

Haka ma launi na yaudara. Baƙar rigar da ake kira maduro ta yi duhu ne saboda daɗewa cikin gumi, kuma galibi zaƙi take ƙarawa. Kara mai farar riga zai iya fin ta bugu idan an cika masa lihero a ciki.

Ganyen rigar da ake nomawa a gabashin Kamaru da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, daga irin da asalinsa na Sumatra ne, yana cikin waɗanda masu neman ɗanɗano ke ji da su. Siriri ne mai saurin yagewa, yana da ɗan zaƙi da ɗan yaji, kuma kamfanin Arturo Fuente na amfani da shi a kan wasu fitattun tabobinsa irin su Hemingway.

Yadda kasuwa ta juya

Gwamnatin Castro ta ƙwace masana'antun taba a 1960, sannan a watan Fabrairun 1962 Shugaba John Kennedy na Amurka ya ƙaƙaba wa Kyuba takunkumin cinikayya. Kakakinsa Pierre Salinger ya ba da labari daga baya cewa sai da ya sayo wa shugaban kara 1,200 na tabar H. Upmann kafin ya sa hannu a kan dokar.

Iyalai da dama masu sana'ar sun bar Kyuba ɗauke da irin taba, suka bazu zuwa Jamhuriyar Dominikan, da Honduras, da Nikaragua. Jose Orlando Padron, alal misali, ya kafa kamfaninsa a Miami a 1964, ya kuma buɗe masana'anta a garin Esteli na Nikaragua a 1970.

Shekaru da dama bayan takunkumin, taba mai sauƙi ce ta mamaye kasuwar Amurka. Macanudo, mai farar rigar da ake nomawa a ƙarƙashin inuwar yadi a jihar Connecticut, ta daɗe tana cikin waɗanda suka fi kasuwa.

Al'amura sun fara sauyawa bayan da Marvin Shanken ya kafa mujallar Cigar Aficionado a 1992. Shan sigar ya zama abin yayi a tsakanin 'yan kasuwa da taurarin fina-finai, har yawan karan da ake shigarwa Amurka ya tashi daga kimanin miliyan 100 a shekara zuwa fiye da miliyan 400 a 1997. Tsimammen ganye ya yi ƙaranci, sababbin kamfanoni suka cika kasuwa da taba marar inganci, kuma a 1998 yayin ya faɗi.

To sai dai waɗanda suka ci gaba da sha bayan yayin sun riga sun saba, suka koma neman abin da ya fi nauyi. Tun a 1995 kamfanin Fuente ya fitar da OpusX, wadda ta nuna cewa Dominikan ma za ta iya yin taba mai ƙarfi da ganyenta kaɗai. A farkon shekarun 2000 kuma aka ga irin su Camacho Corojo daga Honduras, da Antano 1970 ta kamfanin Joya de Nicaragua, da Double Ligero ta La Flor Dominicana, wadda sunanta kansa ke shelar cewa an ninka mata lihero.

Nikaragua ce ta fi cin gajiyar wannan sauyi. Ƙasar ta sha fama da juyin juya halin 1979 da yaƙin da ya biyo baya, da kuma takunkumin Amurka daga 1985 zuwa 1990. Amma baƙar ƙasar Esteli na ba da ganye mai ƙarfi da yaji, kwarin Jalapa kuma na ba da mai zaƙi da ƙamshi. A tsakiyar shekarun 2010 ta zarce Dominikan a yawan sigar hannu da ake kaiwa Amurka.

Kaurin kara ma ya ƙaru. Ana auna shi ne da inci ɗaya da aka raba gida 64. Kara mai awo 42 shi ne na gargajiya, daga baya mai awo 50 ya zama ruwan dare, yanzu kuwa mai awo 60 ba baƙon abu ba ne. Masu ra'ayin gargajiya na ƙorafin cewa a irin wannan kauri ɗanɗanon riga kan ɓace, shi ya sa suke riƙe da sirara masu awo 38.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu son ƙarfi na cewa taba mai sauƙi ba ta gamsar da wanda ya daɗe yana sha, musamman bayan cin abinci mai nauyi. Suna kuma nuni da cewa lihero, saboda maiƙonsa, yana ɗauke da nasa ɗanɗanon, don haka ba daidai ba ne a ce ƙarfi kishiyar ɗanɗano ne. Tabar Padron ta zama misali a wurinsu, domin ita ce ta zo ta ɗaya a 2004 lokacin da Cigar Aficionado ta fara fitar da jerin tabobi 25 mafiya inganci na shekara.

Masu fifita ɗanɗano kuwa na cewa yawan nikotin da yaji kan dakushe baki da hanci tun kafin a kai rabin kara, daga nan komai ya zama ɗaya. A ganinsu neman ƙarfi mataki ne da mai sha kan bi ya wuce, kuma da yawa daga cikin tsofaffin mashaya kan dawo ga matsakaiciya. Akwai kuma zargin cewa wani ɓangare na son ƙarfin burga ce kawai ta nuna jarumta.

Kamfanin Habanos, wanda aka kafa a 1994 kuma ke da alhakin sayar da sigar Kyuba a duniya, ya jera tabobinsa bisa mataki. Hoyo de Monterrey na cikin masu sauƙi, Romeo y Julieta na tsakiya, Partagas da Bolivar kuma na cikin masu nauyi. Duk da haka mashaya da dama na ganin masu nauyin Kyuba ba su kai wasu na Nikaragua bugu ba.

Wannan na nuna wata matsala. Babu wani ma'auni guda da duk masana'antu suka amince da shi, kuma ba a rubuta yawan nikotin a jikin akwati. Kowane kamfani da nasa kirarin, kuma abin da wani ya kira matsakaici zai iya kwantar da wani.

Batun lafiya

A wurin likitoci, bambancin da mashaya ke gardama a kansa ba shi da wani tasiri a kan haɗarin. Cibiyar Nazarin Cutar Sankara ta Amurka, wadda ta fitar da babban rahoto kan sigar a 1998, ta ce babban kara ɗaya na iya ɗaukar giram 5 zuwa 20 na taba, alhali karan sigari bai wuce giram ɗaya ba. Ke nan kara guda na iya kaiwa kwalin sigari sukutum.

Rashin zuƙa zuwa huhu ba ya hana nikotin shiga jini. Yanayin hayaƙin sigar na ba sinadarin damar ratsa fatar cikin baki kai tsaye, saboda haka ita ma tana kama mutum ya kasa bari. An danganta shan ta da sankarar baki, da ta maƙogwaro, da ta hanyar abinci, da ta huhu, haɗe da ciwon zuciya.

Kazalika gumin nan da ke tausasa ganye ya fito da ƙamshinsa, shi ne kuma ke ƙara yawan wasu sinadarai masu haddasa sankara da ake kira naitrosamin. Taba mai laushi a baki ba ta tsira daga gare su ba.

Yarjejeniyar taƙaita shan taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda aka amince da ita a 2003 ta kuma fara aiki a 2005, ta buƙaci ƙasashe su hana rubuta kalmomin da ke sa a zaci wata taba ta fi wata sauƙin illa. Hukumar ta ce taba, a dukkan nau'o'inta, na hallaka fiye da mutum miliyan 7 a kowace shekara.

Haɗarin ya fi yawa ga waɗanda suka bar sigari suka koma sigar da zaton sun sami sauƙi, domin galibinsu kan ci gaba da zuƙar hayaƙin zuwa huhu kamar yadda suka saba.