Aradu da Jirgin Sama: Daga Jikin Ƙarfe Zuwa Jikin Zare

A daren 8 ga Disamba 1963, wani jirgin kamfanin Pan Am ƙirar Boeing 707 yana shawagi a sararin garin Elkton na jihar Maryland a Amurka, yana jiran hadari ya lafa kafin ya sauka a Filadelfiya. Aradu ta faɗa masa, tururin man da ke tankin fiffikensa na hagu ya kama da wuta, jirgin ya rikito. Mutum 81 ne a ciki, babu wanda ya tsira.

Kafin wannan dare, masu ƙera jirage sun dogara da abin da Michael Faraday ya nuna tun 1836, cewa lantarki yana bin bayan akwatin ƙarfe ne, ba ya taɓa abin da ke cikinsa. Jikin alminiyam yakan karɓi aradu ta hanci ko bakin fiffike, ya wuce da ita ta wutsiya. Hatsarin Elkton ya nuna inda wannan kariya ta tsaya: ɗan tartsatsi kaɗan a cikin tankin mai ya isa. An sake ganin haka ranar 24 ga Disamba 1971 a Peru, inda jirgin kamfanin LANSA ya tarwatse cikin hadari, mutum 91 suka mutu, yarinya ɗaya ’yar shekara 17, Juliane Koepcke, ta tsira. Irin waɗannan hatsarori ne suka sa hukumomi suka tsaurara dokokin ƙirar tankunan mai.

Daga 1980 zuwa 1986, hukumar NASA ta riƙa tura wani jirgin yaƙi ƙirar F-106 cikin gajimaren hadari da gangan, aradu ta same shi fiye da sau 700. Binciken ya tabbatar da cewa sau da yawa jirgin ne da kansa yake tayar da aradun idan ya ratsa gajimaren da ya cika da lantarki. Gujewa ɗungurungum ba za ta yiwu ba, don kusan kowane jirgin fasinja aradu tana samunsa kamar sau ɗaya a shekara.

Ana cikin haka sai jikin jirgi ya fara sauyawa. Tsadar mai ta tura kamfanoni ga zaren kabon da ake shimfiɗawa hawa-hawa a haɗe da danƙo, wanda ya fi alminiyam rashin nauyi kuma ba ya tsatsa. Illarsa ita ce lantarki ba ya gudu a cikinsa da sauƙi. Alminiyam ya ninka shi kusan sau dubu wajen wuce da wuta. Inda wuta ta rasa hanya, zafi take zama.

Ranar 19 ga Janairu 1995, aradu ta bugi ƙaramar farfelar wutsiyar wani jirgi mai saukar ungulu ƙirar Super Puma a Tekun Arewa. Farfelar tana da zaren kabon a jikinta. Ta lalace, girgiza ta fizge ta, matuƙan suka sauka a kan ruwa, aka ceto duka mutum 18. A Afrilun 1999 kuma, kusa da Dunstable a Ingila, aradu ta yi kaca-kaca da wani jirgi maras inji da aka yi da zaren gilashi, mutum biyun da ke ciki suka diro da laima.

Saboda haka lokacin da Boeing 787 ya fara tashi a 2009, rabin nauyin jikinsa na irin wannan haɗi, sannan Airbus A350 a 2013 da kashi 53 cikin ɗari, sai aka dawo da ƙarfe ta wata ƙofa. Ana shimfiɗa siririyar ragar jan ƙarfe a ƙarƙashin fenti don wuta ta samu hanya, ana toshe kawunan kusoshin tanki, ana kuma gwada sassan jirgi da aradun ɗakin gwaji mai ƙarfin amfiya 200,000.

Abin da ya rage shi ne gano ɓarna. A jikin alminiyam, aradu takan bar ƙuna ko ɗan huji da ido ke gani. A jikin zaren kabon, zafi yakan dafa danƙon ya raba shimfiɗun ta ciki, alhali a waje ɗan baƙin tabo kaɗai ake gani. Makanikai sukan ƙwanƙwasa wurin da ƙaramar guduma, kamar yadda mai sayen tukunyar ƙasa ke ƙwanƙwasa ta don jin ko ta tsage. Inda sauti ya dakushe, akwai rami. Daga nan a kawo na’urar sauti irin wadda ake yi wa mai juna biyu hoto da ita, ta auna zurfin rabuwar, ko kyamarar zafi da ke nuna inda zafi ya maƙale.

Kowace sa’a da jirgi ya yi a ƙasa ana bincikensa asara ce ga kamfani, tsagar da aka tsallake kuwa tana iya faɗaɗa a tafiye-tafiye na gaba. Shi ya sa idan aka jinkirta tashi bayan hadari, sau da yawa makaniki ne ke bin jikin jirgin daga hanci zuwa wutsiya, yana neman inda wutar ta shiga da inda ta fita.